Ga mai tambaya kan gwaggonta da yankan Inna

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce gwaggonku tana salla tana azumi, kalmar shahada ba ta barin bakinta, amma duk shekara sai ta yanka baƙar akuya don Inna, aljanar nan ta bori, ta ƙyale gidan, har yayanku ya ce ta kafirta, ya hana ku cin abincinta.

Yankan kam babu ja a kansa. A Sahihu Muslim an la'anci wanda ya yi yanka don wanin Allah, naman kuma ba ya ciwuwa. Inda malamai suka daɗe suna kai ruwa rana shi ne hukuncin mutumin da ya yi. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya isa Borno a 1808, Shehu Laminu, malamin Borno da aka fi sani da al-Kanemi, ya rubuto wa masu jihadin yana tambayar hujjar yaƙar masu salla, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya amsa cewa yi wa itatuwa da duwatsu yanka ya wuce saɓo. Duk da haka Shehu Usmanu da kansa ya tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin tauhidi ba. To manya ma sun yi taka-tsantsan, balle yayanku.

A unguwarmu akwai wata dattijuwa mai ƙwaryar Inna a ƙarƙashin gado, rufe da faifai, carbinta kuma na rataye a ƙusa. Tun da jikanta ya yi shan inna tsoro ya kama ta. Samari suka dinga kiranta arniya, sai kawai ta mayar da yankan tsakar dare. Wata malamar Islamiyya ce ta shawo kanta, ta riƙa zuwa da goro, ta koya mata Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu, ta kuma matsa aka ɗiga wa sauran yaran rigakafi. An fi shekara kafin ta fasa ƙwaryar da hannunta.

Ki fara binciko abin da gwaggo ke tsoro, galibi ciwo ne ko mutuwar yara. Ki ci tuwonta, ki gaishe ta, ranar yankan ki faɗa mata cikin ladabi ba za ki ci naman ba, da dalilinki. Yayanku kuma ya nemo malamin da take jin nauyinsa, su je tare.