Kada ka ce a banɗaki ka zame

Wani matashi ɗan Unguwar Rogo a Jos, mai aiki a wani sito a Jidda, ya rubuto cewa tarin kaya ya rufto masa har wuyan hannunsa ya karye. Mai kula da su ya damƙa masa riyal 500, ya ce idan likita ya tambaya ya ce a banɗaki ya zame. Ejan ɗin da ya yi masa biza a nan Abuja ya ce a bar kaza cikin gashinta. Mahaifinsa kuma ya ce ya yi haƙuri, bashin tafiya bai ƙare ba, ga bikin ƙanwarsa bayan Sallah. Yau kwana huɗu ke nan.

Ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Lissafin kwanakin nan shi ne ya fi damuna. A ƙa'idar GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, kwana 7 gare ka ka sanar da kamfani, shi kuma kwana 3 gare shi ya kai wa hukumar rahoto. Faɗa da baki a ƙofar sito ba ya barin shaida. Yau ɗin nan ka tura wa ofishinku saƙo a rubuce: rana, lokaci, wurin, kayan da suka faɗo, da waɗanda suka gani. Ka ɗauki hoton hannun da na wurin. Idan sun noƙe, kai da kanka kana iya kai wa GOSI rahoto, tunda iƙamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, da sunan kamfanin take.

Ba alfarma kake roƙo ba. Kamfani na biyan kashi 2 cikin 100 na albashin baƙon ma'aikaci saboda irin wannan rana. Daga nan ake biyan magani, da kuɗin kwanakin jinya, da diyya idan hannun ya nakasa. Amma da zarar likita ya rubuta "banɗaki", ka rufe wa kanka wannan ƙofa. Wata shida nan gaba, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, wa zai saurare ka? In ka riga ka faɗa, koma asibitin ka nemi a gyara. Riyal 500 ɗin nan kuma kada ka sa hannu a wata takarda a kansa, balle wadda aka rubuta da Larabcin da ba ka karantawa.

Ejan kuwa, kasuwarsa yake karewa. Yana da wasu yaran da zai tura wa kamfanin nan, ba ya son a ce nasa masu surutu ne. Na ga wani da ya bi irin wannan shawara, ya dawo da ƙafa a shanye, ya yi ta sintiri ofishin ejan har wata rana ya tarar an mayar da wurin shagon sayar da waya.

Batun Baba, a nan ina bayanka. Tsoro ne ya sa shi faɗin haka, kuma na fahimta. Sai dai mu mutanen gida mun saba auna lafiyar ɗan ci-rani da shigowar kuɗi: in sun shigo, lafiya lau yake. Wannan ba daidai ba ne. Hannun da ake so ya biya bashi ya yi kayan ɗaki, shi ne ake cewa a ɓoye karayarsa. Ka kira shi cikin ladabi, ka ce masa Baba, rahoton nan ba ƙara ba ce, hanyar da za a ci gaba da biyana ina jinya ce. Biki ana iya ɗaga shi. Kada kuma kowa ya ja ka da zancen ka dawo a yi maka ɗori a gida kafin a rufe takardunka.

Ka tuna da abokan aikinka ma. Kantar da ta zubo maka tana nan yadda take, kuma hatsarin da ba a rubuta ba babu mai zuwa duba musabbabinsa.

In suka fara barazanar kora ko riƙe albashi, kada ka bar wurin aiki a fusace, don kada su rubuta cewa ka gudu. Kira ma'aikatar ƙwadago a 19911, ka sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda. Kwafin duk takardun asibiti ka tura wa wani amintacce a Jos, ban da ejan.