Kullum da dare ina ƙulla niyyar komawa makaranta, gari na wayewa sai in fasa

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 32, a Kano nake. Ina aji uku na ƙaramar sakandare aka yi min aure. Auren ya mutu, yanzu ina gidan iyayena da yara uku, ina soya awara a ƙofar gida. Tun ina ƙarama burina in zama ma'aikaciyar lafiya. Duk shekara sai in ce bana zan koma makaranta, har kuɗin fom na taɓa tarawa, sai na kashe su a hidimar biki. Da na yi wa yayata zancen, dariya ta yi, wai gotai-gotai da ni zan zauna a benci da sa'annin 'yata, gara in nemi miji. Da dare ina jin ƙarfin hali, da safe jikina ya mutu. Har na fara tunanin ko wani abu aka yi min. Anti, lalaci ne ko me?

Daga 'yarki a Kano.

Wa alaikumus salam 'yata. Matar da ke tashi kafin kiran asuba ta kai waken suya niƙa, ta tace, ta dafa, ta tsaya gaban mai har dare, ba ta da alaƙa da lalaci. Maganar asiri kuma ki ajiye ta. Ki riƙe azkar ɗinki, amma kada ki ba wani malami kuɗin fom ɗinki.

Ga abin da nake gani. Kina jiran ranar da za ki wayi gari babu tsoro a ranki sannan ki motsa, ranar nan kuwa ba ta zuwa. Waɗanda suka koma karatu da girmansu da fargabarsu suka tafi, sai da suka yi makonni a aji kafin ta lafa. Niyyar dare kuma daɗi gare ta don ba ta cin ko sisi: kina kwance, kin hango kanki cikin farin kaya a asibiti. Da safe abin da ke gabanki shi ne kuɗin mota da idon maƙwabta. Kin riƙe ƙarshen tafiyar a zuciya, farkonta ne ba ki sani ba.

To bari in faɗa miki farkon, ba tare da na rage komai ba. Makarantar koyon aikin lafiya ba za ta ɗauke ki ba sai da sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Ga wadda ta tsaya a aji uku, wannan aikin shekaru ne, kuma Lissafi da Fiziks za su ba ki wuya. Gara ki ji daga bakina tun yanzu. Sai dai ba dole ki zauna da sa'annin 'yarki ba. Kano na da hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, tana da cibiyoyin mata inda matan aure da zawarawa ke karatu. WAEC da NECO kuma duk suna shirya jarrabawa ta musamman don waɗanda ba sa makaranta.

Yayarki kada ki yi musu da ita, ba kuma sai kin sake kai mata zancen ba. In dai girma ne abin kunya, jagororin mata da ake kira jaji, waɗanda Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa koyarwa a ƙarni na 19, tana naɗa musu malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, yawancinsu manyan mata ne da suka girme ki. Wanda ya kamata ki zauna da shi Baba ne, tunda a gidansa kike. Ki same shi cikin natsuwa da sunan cibiyar da lokacin karatu a hannunki, ki nemi albarkarsa. Iyaye sun fi saurin yarda da magana mai kai da gindi.

Aure kuwa ban ce ki ƙi ba. Amma duk wanda ya fito, a yi maganar karatun a gaban waliyyai kafin a karɓi sadaki. Alƙawarin zaure yakan ƙare a zaure.

Kuɗin awara, ki shiga adashen da kwasarki za ta faɗo lokacin rajista, kuma ki bar su a hannun Mama, domin biki ba ya ƙarewa a Kano. Littattafan 'yarki ma ki fara buɗe su bayan isha'i, ta riƙa yi miki tambayoyi.

Ranar Litinin ki je cibiyar da ta fi kusa da ku. Kada ki yi rajista, tambaya kawai za ki yi: wane aji za su sa ki, nawa ake biya, ƙarfe nawa ake tashi. Ki rubuto min amsar da suka ba ki, mu duba yadda za a daidaita ta da lokacin suya.