Wai da gaske sola na samar da aikin yi?

Tambaya: Salam Malam, ana ta cewa ƙananan tashoshin sola da ake kafawa gari-gari suna samar da aikin yi, to ni dai gani nake da an ɗora faifan a rufi shikenan an gama, ina aikin yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ɗorawar ce farkon aikin. Faifan sola yakan kai shekara 25 yana aiki, amma batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, ba sa kaiwa haka, dole a samu mai dubawa da canzawa, ga mai goge ƙura, ga mai ja waya da sa mita gida-gida, kuma duk sai wanda ke kusa, ba za a ɗauko injiniya daga nesa saboda fis ɗaya ya ƙone ba. Hukumar IRENA, wato hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, ta ce a 2023 mutum miliyan 16.2 ke aiki a fannin makamashi mai sabuntuwa, irin na rana da iska, a duniya.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da wutar ke haifarwa, mai walda da tela su yi aiki ba kuɗin man janareta, manomi ya yi ban ruwa da famfon sola. Sai dai fa in ba a koya wa matasan garin gyara ba, tashar tana lalacewa aikin ya tsaya.