Ƙyauren da ya ƙi rufuwa a watan Yuni

Sabi'u, ka tambaye ni abin da ya sa ƙyauren da muka kafa wa mutanen gidan nan na Idi-Araba a watan Janairu yake rufuwa lafiya lau a lokacin, amma yanzu da ruwa ya sauka sai an sa masa kafaɗa. Kana zargin ko katakon ne ba shi da kyau, ko awonmu ne ya kuskure, har kana shirin ɗaukar inji ka zabge masa gefe kowa ya huta. Dakata tukuna, ɗana. Katakon lafiyarsa ƙalau, awon ma daidai yake. Ruwa ya sha.

Ba wai ruwan sama ya taɓa shi ba. Katako ko ya shekara goma da yankewa bai daina hulɗa da iska ba: in iska ta yi danshi ya zuƙa ya kumbura, in ta bushe ya saki ya tsuke, kamar dai fatar ganga da ke saki da damina ta ɗaure da hunturu. A Legas, tsakanin teku da tafki, danshin iska kan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin shekara, saboda haka busasshen katakonmu na nan yana riƙe da ruwa wajen kashi 15 ko fiye. Kai da ka taso a Kano ka saba da hunturun da ke tsotse katako har ruwansa ya koma ƙasa da rabin haka. Shi ya sa kujerar da aka haɗa a nan, in aka kai ta Arewa sai haɗinta ya yi sako-sako, dirowar da aka yo a can kuma ta zo nan ta cije.

Abin da nake so ya zauna maka a ka shi ne, katako ba ya motsi ta tsawonsa sai ɗan abin da ba a ko lura. Ta faɗi yake motsi. Falanki mai ƙafa 12 zai zauna a ƙafa 12 ɗinsa, amma faɗinsa na inci 12 zai ƙaru ya ragu kowace shekara. To ƙyaure faɗinsa ya kusan ƙafa 3. Ƙarin milimita uku ko huɗu kawai ya isa ya sa shi gogar firam. Mu kuwa mun kafa shi a Janairu, lokacin da ɗan hunturun da ke isowa Legas ya sa shi a mafi ƙanƙantar jikinsa. In ka zabge shi da yawa yanzu da yake a kumbure, Disamba na zuwa za ka ga haske ta gefensa, harshen makulli ma ya daina kama raminsa, sauro ya samu hanya. Abin da aka fere daga katako ba ya dawowa.

Matsalar takan faro tun daga wajen saye. Ka tuna gungumen da a da ake gani kwance cikin ruwa a Okobaba, a Ebute Metta, in ana wucewa ta kan gadar Third Mainland? A lokacin ta ruwa ake janyo su daga dazuzzukan Ondo da Delta da kewaye, su yi ta jiƙa kafin su hau injin yanka. Falankin da aka tsaga daga irinsu, ko samansa ya yi fari ya bushe a ido, cikinsa jagab yake. Katako kuma ba ya fara tsukewa sai ruwansa ya sauka ƙasa da wajen kashi 30, wato daidai lokacin da gaggawa ta sa mutum ya riga ya buga masa ƙusa. Wannan ne dalilin da nake sa ku jera falankai a inuwa, sama da ƙasa, da siraran sanduna a tsakani a kan layi ɗaya, a ɗora nauyi a kai. Na san kuna ganin wahala ce, mai aiki kuma yana ta buga waya. Gara ya yi fushi na mako uku da ya dawo mana da tebur a murɗe. Kada ka taɓa shanya shi a rana tsaka: sama zai bushe ya bar ciki, ya tsage.

Irin katakon ma da nasa hali. Iroko ba ya yawan motsi, gara ma ba ta cika damunsa ba, sai dai yana cin kaifin ƙarfe, ƙurarsa kuma tana shaƙe mutum, don haka ka rufe hanci. Obeche sauƙin aiki gare shi amma ba na ƙyauren waje ba ne. MDF kuwa, wato allon da ake haɗawa da garin katako da gam, in ya sha ruwa ya kumbura, ya tafi ke nan, ba ya komawa. A unguwar da ambaliya ke shiga ɗaki, kada ka yarda kabad ɗin MDF ya zauna a ƙasa ba ƙafafu.

Sannan ka riƙa tambayar inda kayan za su zauna. Gidan Lekki ko Ikoyi da AC ke aiki dare da rana, iskarsa ta fi ta shagonmu na Agege bushewa nesa ba kusa ba. In da hali, a kai katakon ya kwana biyu a ɗakin kafin a kafa.

Yanzu ga abin da za ka yi gobe. Fara duba hinjis, don sau da yawa sukurun sama ne ya saki ƙyauren ya sunkuya, ɗaurewa kawai yake so. In ba shi ba ne, shafa alli a bakin firam, ka rufe ka buɗe, inda allin ya kama nan kaɗai za ka goge, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. Da damina muke, saboda haka ka bar rata ƙarama, za ta buɗe da kanta in hunturu ya zo. Daga nan ka sauke ƙyauren ka duba bakinsa na sama da na ƙasa. Masu gidan sun ce da kansu za su yi fenti, kuma na tabbata fuska biyu kawai suka shafa. Ta waɗannan bakunan da ido ba ya gani danshi ya fi shiga, musamman na ƙasa da ke shan ruwan goge-goge kullum. Ka shafe su, da inda ka goge, shafi biyu, ka bar na farko ya bushe sosai kafin na biyu. Ka tafi da sukurun da ba ya tsatsa, na wajensu iskar teku ta soma cinye su.