Kamfanin da ya yi gem ya rufe: zan iya ɗaukar kod ɗinsa in ɗora a Play Store?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja. Na samu kod ɗin wani tsohon gem na yaƙi a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ɗora kod, kamfanin da ya yi shi kuma ya daɗe da rufewa. Na sha wahala har na sa ya fara aiki a wayar Android, na kuma soma mayar da rubutun cikinsa zuwa Hausa. Niyyata in ɗora shi a Play Store da talla a ciki. Sai abokina ya ce za a iya rufe min asusu, alhali a wani bidiyo na ji an ce duk gem ɗin da kamfaninsa ya mutu ya zama na kowa. Hankalina ya tashi, don akwai wasu manhajojina a kan asusun. Wahalata ta tafi a banza ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dakata, kada ka ɗora tukuna. Abokinka ya fi mai bidiyon gaskiya, amma ba lallai ne wahalarka ta tafi a banza ba.

Maganar nan ta cewa gem ɗin da kamfaninsa ya mutu ya zama na kowa ta ishe ni. Kusan kullum sai wani matashi ya kawo min ita, kuma daga wuri ɗaya take fitowa: masu bidiyo da shafukan sauke tsofaffin gem, waɗanda kuɗin talla kawai suke nema, in aka rufe maka asusu kuma ba za ka gan su ba. Babu dokar da ta ce haƙƙin mallaka yana faɗuwa don kamfani ya kulle ƙofa. Idan mai gida ya rasu, gidan bai zama na masu wucewa ba, akwai magada. Kadarorin kamfanin da ya rushe suna komawa hannun uwar kamfanin, ko kamfanin da ya fitar da gem ɗin kasuwa, ko masu bin bashi. Lokacin da kamfanin gem na THQ ya karye a Disamban 2012, a watan Janairun 2013 aka yi gwanjon kayansa: Sega ya sayi reshensa Relic, Koch Media ya ɗauki reshensa Volition tare da gem ɗin Saints Row. Ba abin da aka bari a titi. A dokar Amurka kuwa, aikin kamfani yana da kariya ta shekara 95 daga fitowarsa, wato gem ɗin 1999 sai ƙarshen 2094 zai kuɓuta.

Ko da an rasa tantance mai shi, wannan bai ba ka izini ba. Gem ɗin No One Lives Forever ya fito a 2000. A 2014 kamfanin Nightdive ya nemi ya sake fito da shi ta hanyar halal, ya yi ta zirga-zirga tsakanin Warner Bros. da Activision da 20th Century Fox, aka kasa warware wa ke da me, dole ya haƙura. Abin takaici ne, kuma ina cikin masu ganin manyan kamfanoni suna cutar tarihin wannan sana'a da irin wannan riƙon na ba ka ci ba, ba ka ba wani ba. Amma takaicina ba zai kare ka ba ranar da takardar ƙorafi ta isa Google. Za a sauke manhajar, in laifi ya maimaitu a rufe asusun, sauran manhajojinka su tafi tare da shi.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi ita ce: wane ne ya saki kod ɗin? Ganinsa a GitHub ba hujja ba ce, kowa yana iya ɗora abin da ya ga dama. Akwai wanda mai haƙƙi ya saki da hannunsa. Westwood ya rufe a 2003, amma EA da ya gaje shi ne ya saki kod ɗin Command & Conquer da Red Alert da Renegade da Generals a Fabrairun 2025 a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da kod da gyara shi bisa sharuɗɗa. Akwai wanda ya ɓulle ba da izini ba, kamar kod ɗin injin gem ɗin Thief na Looking Glass, wato ginshiƙin manhajar da ke tafiyar da wasan, da ya bazu shekaru bayan rufe kamfanin a 2000. Akwai kuma wanda masoya suka warware gem suka sake rubutawa, kamar re3 na GTA III, wanda Take-Two, mai haƙƙin GTA, ya sa aka sauke a 2021, ya kuma kai masu shi kotu. Na farkon ne kawai za ka iya gina kasuwanci a kansa. Duba fayil mai suna LICENSE ko COPYING, sannan ka nemo sanarwar da mai haƙƙin ya yi da kansa. Idan babu lasisi sam, a doka babu izini sam.

In ka tsallake wannan, saura wurin da mafi yawa ke faɗawa. Kod daban, kayan gem daban. Hotuna, sauti, kiɗa, taswirori, labari da sunan gem ɗin galibi ba sa cikin abin da aka saki. Tun 1997 id Software ya saki kod ɗin Doom, amma har yau fayilolin wasan sayen su ake yi, shi ya sa masoya suka zauna suka zana nasu kayan da sunan Freedoom. EA ma ya faɗa a fili cewa sai ka mallaki gem ɗin kafin ka yi wasa da abin da ka haɗa daga kod ɗin. Wannan ya shafi fassararka kai tsaye, domin idan rubutun labarin yana cikin kayan da ba a saki ba, mayar da shi Hausa ma yana buƙatar izini.

Waɗanda aka saki ɗungurungum kaɗan ne, amma akwai su. Warzone 2100 na Pumpkin Studios a Ingila ya fito a 1999, aka rufe kamfanin a 2000, aka saki kod ɗin a Disamban 2004, sauran kayan kuma suka biyo baya a 2008. Har yanzu masu sa kai suna raya shi. Gem ɗin Glitch ma, bayan an rufe shi a 2012, an sadaukar da zane-zanensa ga kowa a 2013.

Sai batun talla. GPL bai hana ka neman kuɗi ba, amma ya wajabta maka ka saki naka gyaran a ƙarƙashin lasisin, har da aikin da ka yi na Android. Manhajojin talla irin su AdMob kod ɗinsu ba a buɗe yake ga kowa ba, cusa su cikin kod mai GPL kuma yana iya karya sharaɗin. Wasu lasisin ma sun hana kasuwanci kwata-kwata, kamar wanda Volition ya saki FreeSpace 2 da shi a 2002. Ka kuma bincika ko akwai guntun kod na wasu kamfanoni a ciki. A 2013, da aka rufe kamfanin LucasArts, Raven da ya yi masa Jedi Outcast da Jedi Academy ya saki kod ɗinsu, sai aka janye shi cikin 'yan kwanaki saboda an tarar da irin wannan a ciki.

Idan ka tabbatar mai haƙƙi ne ya saki kod ɗin amma kayan ba a sake su ba, kana da hanya biyu. Ko ka fitar da injin shi kaɗai, da wani suna, mai wasa ya zuba fayilolin da ya saya da kansa, ko ka nemi mai zane da mai haɗa sauti ku yi naku kayan da naku labarin, wanda tun farko da Hausa za ku rubuta shi. In kuwa ya tabbata kod ɗin ɓullowa ya yi, ajiye shi. Ƙwarewar da ka samu wajen ɗora tsohon inji a kan Android tana nan tare da kai, ka kai ta kan wanda lasisinsa yake a fili. Turo min sunan gem ɗin da abin da ke rubuce a fayil ɗin lasisin, in duba maka kafin ka taɓa Play Store.