Tambaya da Amsa: Idan manyan finafinai ma na tuntuɓe, me zai sa in wahalar da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni aikin ci gaban shiri, wato lura da kada sutura, kaya ko motsi su saɓa daga wannan hoto zuwa na gaba, a wani shiri mai dogon zango, wannan ne karona na farko, kuma hankalina bai kwanta ba. Ina koyon aikin ne ta kallon finafinan soyayya na lokacin Kirsimeti, musamman The Holiday, ina neman inda aka yi tuntuɓe. Amma daraktanmu ya ce in daina damun kaina, wai Turawa ma suna kuskure, kuma duk abin da ya kuɓuce mana edita zai gyara. Yaya ake gano kurakuran nan, kuma maganarsa gaskiya ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Fim ɗin da ka zaɓa ya dace da karatu. Nancy Meyers ce ta ba da umarninsa, ya fito a 2006. Ƙaramin gidan ƙauyen da ke cikin fim ɗin, na yankin Surrey a Ingila, fuskarsa ta waje kawai aka gina a wani fili kusa da ƙauyen Shere, ɗakunan ciki kuwa a situdiyo aka ɗauke su a Los Angeles. Wato jarumar za ta murɗa ƙofa a Ingila ta faɗo falo a Amurka, ba rana ɗaya ba. Don haka duk inda aka bi ta ƙofa, tsaya nan. Dubi dusar ƙanƙarar da ke kafaɗarta, yadda mayafin wuya ya naɗu, maɓalli nawa ne a ɓalle, da wane hannu ta riƙe jaka.

Ka kashe sauti, don magana da kiɗa ne ke ɗauke ido. A duk yanka, wato inda hoto ya tsallaka zuwa wani, kwatanta hoton ƙarshe kafin yankan da na farko bayansa. Hotuna 24 ne a daƙiƙa ɗaya. A manhajar kallon bidiyo ta VLC maɓallin E na matsar da kai ɗaya bayan ɗaya, a YouTube kuma waƙafi da aya ne idan ka dakatar. Kalli sin ɗin sau uku. Da farko hannaye kaɗai. Sannan abubuwan da ke raguwa: abin sha a kofi, kyandir, abinci a faranti, wutar murhu. Finafinan Kirsimeti cike suke da waɗannan, kuma sin ɗin cin abinci na minti uku kan cinye yini guda ana maimaitawa. Na uku ka bar jarumai ka dubi bayansu: agogo, masu wucewa, sawun ƙafa a kan dusar ƙanƙara.

Ba kuma duk bambanci ne kuskure ba. Masu bidiyon ƙirga kurakurai a intanet sukan lissafa har wurin da aka tsallake lokaci da gangan, don adadin ya yi yawa a danna musu. Kada ka mai da su malamanka.

Yanzu maganar darakta. Wannan “edita zai gyara” ita ce ta fi kashe aiki a lokeshan, kuma kullum sai an ji ta daga bakin wanda bai taɓa kwana a ɗakin tace hoto ba. Gaskiya ne ana samun kuskure a manyan finafinai, amma ka san ta ina yake shiga? Sau da yawa edita ya gan shi, ya bar shi da saninsa. Walter Murch, wanda ya ci kyautar Oscar a tace hoto, ya jera abubuwa shida da ake aunawa kafin a yanka. Ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari 23, daidaiton inda mutane da kaya suke kuwa 4 kacal. Masu son lalaci sun riƙe wannan 4 ɗin kamar lasisi. Sun manta Murch na magana ne a kan editan da ke da tek da yawa a gabansa, wato sin ɗaya da aka ɗauka sau da dama, daga kusurwa daban-daban, ya ɗauki wanda hawayen jarumar ya fi taɓa zuciya ko da kofi ya ɗan sauya wuri. Wannan zaɓi ne. Ku da za ku yi tek biyu da kyamara ɗaya ku tashi saboda rana ta yi, me editanku zai zaɓa?

Ga iyakar abin da yake iyawa. Zai iya yankawa zuwa fuskar mai sauraro ko wani abu a kan tebur, in kun ɗauka. In ba ku ɗauka ba, babu. Zai iya juya hoton dama ta koma hagu, sai zobe ya koma ɗaya hannun, rubutun bango ya birkice. Zai iya matso da hoton ya datse gefe, sai ingancin ya faɗi. Abin da ya rage shi ne a koma lokeshan, kuma a lokacin jarumi ya yi aski, mai gida ya sake fenti, furodusa ya ce kuɗi sun ƙare.

Wasu kuma za su ce maka ai ’yan kallo ba sa gani. Akwai ƙamshin gaskiya: a 1997 masu bincike biyu, Daniel Levin da Daniel Simons, sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo da aka sauya abubuwa da gangan, har mayafin wuya ya ɓace, faranti ya sauya launi, kusan duk ba su lura ba. Amma mayafi da launin faranti ba su ne labari ba. Lallen amarya ya bayyana kafin a sa ranar biki, ko bandeji ya tashi daga hannun dama zuwa hagu, ko cikin mai juna biyu ya ragu a kashi na gaba, wannan kowace uwar gida za ta gani, ta ɗauki hotonsa da waya ta yaɗa. A shiri mai dogon zango haɗarin ya ninka, tunda duk sin ɗin da ke falo ɗaya a rana ɗaya ake kwashe su, ko da a labari wata shida ne tsakaninsu.

Kafin a kunna kyamara, raba labarin gida-gida bisa ranakunsa, kowace rana da suturarta, kwalliyarta da raunukanta. Ɗauki hoton kowane ɗan wasa daga kai zuwa ƙafa a farkon sin da ƙarshensa, ka rubuta lambar sin da ta tek. A takardar labari, ja miƙaƙƙen layi inda ake ganin mai magana a kyamara, mai lanƙwasa inda ba a ganinsa, kuma ka sa alama a kan kalmar da ya zauna, ya miƙe ko ya kurɓi shayi. In ka ga saɓani, matsa kusa da darakta ka faɗa masa a hankali, ba a gaban ’yan wasa ba, kafin a ɗaga kyamara da fitilu daga wurin. In ya ce a wuce, rubuta shi a takardar da za ta je hannun edita, da lambar tek ɗin da ya dace da na baya.