Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila da keken guragu

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu, kana amfani da keken guragu tun kana yaro sanadin shan inna, kuma kana tuƙa motarka mai birkin hannu a Kano. Ka ji an ce a Ingila ana yafe wa masu irin larurarka kuɗin rajista da harajin mota, har mota ake ba su, shi ne kake tambaya ko ka sa wannan a lissafinka. Kada ka sa. Yafewar gaskiya ce, amma ɗalibin da ya shigo da biza ba ya cikin masu samunta, kuma gara ka ji daga bakina yanzu da ka zo ka tarar.

Ga yadda abin yake. Hukumar DVLA da ke Swansea ita ke rajistar motoci. Sabuwar rajista fam 55 ce, harajin shekara kuma na yawancin motocin da aka yi wa rajista daga Afrilun 2017 ya kai fam 195 a 2025. Ana yafe duka biyun idan motar ta shiga rukunin naƙasassu. Sai dai DVLA ba keken take dubawa ba, ba kuma gyaran da aka yi wa motar ba. Takarda take nema mai nuna kana karɓar tallafin gwamnati na zirga-zirga, galibi wanda ake kira PIP, a mataki mafi girma. Mai ƙaramin mataki rabi ake rage masa. Shirin Motability da aka kafa a 1977, wanda mutanenmu ke cewa motar kyauta, shi ma a kan wannan tallafin ya tsaya: kuɗin da ake ba mutum ne ake juyawa ya zama hayar mota ta shekara 3, ko 5 idan mai ɗaukar keke ce.

To PIP yana cikin kuɗaɗen da bizar ɗalibi ta haramta maka taɓawa, a rubuce yake cikin sharuɗɗanta. Ko da babu wannan, sai mutum ya zauna a ƙasar shekara 2 cikin 3 da suka wuce. Don Allah kada wani ya ce maka cike fom ɗin kawai ka gwada sa'a. Karɓar kuɗin da aka hana ka saɓa sharaɗin biza ne, yana iya jawo maka matsala ranar da ka je sabuntawa.

Abin yana yi mini ciwo, domin larurarka ɗaya da ta ɗan ƙasa, kuma kai ne za ka biya kuɗin makaranta mafi tsada. Amma akwai abin da yake haƙƙinka, kuma ya fi harajin tsoka. Mai amfani da keken guragu da ya sayi motar da aka yi mata gyara mai yawa na dindindin saboda shi, ana cire masa harajin VAT, wato kashi 20 cikin 100, ba tare da an tambayi PIP ba. Fom ake cikewa wurin dillali, mota ɗaya a shekara 3. Aikin gyaran kansa ma ana cire masa. Irin gyaran da nake nufi: sandar hannu kusa da sitiyari, ka tura gaba birki, ka ja baya totur, haɗe da ƙulli a jikin sitiyari don juyawa da hannu ɗaya, ko motar da aka saukar da ƙasanta aka sa gada a baya, ka hau da kekenka kai tsaye a ɗaure shi da bel. A motar hannu ta biyu rangwamen ba kullum yake fitowa ba, ka tambayi dillali kafin ka biya kafin alƙalami.

Sai katin fakin da ake kira Blue Badge. Ƙaramar hukumar garin da kake ke bayarwa, kuɗinsa bai wuce fam 10 a Ingila ba, kuma suna iya duba lafiyarka da kansu su ba ka ko ba ka karɓar tallafi. Saboda haka ka taho da rahoton likitanka da Turanci, mai hatimi, wanda ya fayyace nisan da kake iya tafiya.

Lasisinka na Najeriya zai yi maka wata 12 kacal, ba a musanya shi da na nan, sai ka sake jarrabawar tuƙi. Inshora kuwa ita ce za ta fi cin aljihunka, don kamfanoni suna ɗaukarka sabon direba komai daɗewarka a titin Zariya. Akwai cibiyoyin Driving Mobility da ke gwada mutum su faɗa masa gyaran da ya dace da shi, ka je can kafin ka sayi komai.

Ni dai da za ka bi tawa, a karatun shekara ɗaya ka bar maganar mota. A Landan mai keken guragu kyauta yake hawa bas, direba ya danna maɓalli gada ta fito ta ƙofar tsakiya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne matsala, tashoshi da yawa matakala ce zalla. Wasu garuruwan kuma tudu ne, Sheffield da Bristol za su gajiyar da kafaɗunka, musamman da sanyi da ruwan sama. Ƙarfinka ka zuba shi a kan jami'ar: dokar daidaito ta 2010 ta wajabta musu yi maka gyaran da ya kamata, ɗan ƙasa ne kai ko baƙo. Ka rubuta wa ofishinsu na ɗalibai masu buƙata ta musamman tun kafin ka biya kuɗin ajiye gurbi, ka nemi ɗaki a hawan ƙasa mai banɗakin da keke ke shiga, kusa da sashenku, su amsa maka a rubuce. Irin ɗakunan nan ba su da yawa, da wuri ake kama su. Ka turo mini sunan garin in duba maka yanayin titunansa.